Turaren lemu a bazara: me ya sa ƙamshinsa ba ya daɗewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun saba da turaruka masu nauyi, shi al'ud ni humra, amma da zafi ya shigo sai su riƙa hawa mana kai. Na shiga wani shago aka fesa mini wani mai ƙamshin lemu a hannu, mai shagon ya ce na maza da mata ne, kwalba ɗaya ta ishe mu. Ya yi mini daɗi ƙwarai, amma kafin in isa gida na daina jin sa. Jabu ne, ko haka irinsa yake? Kuma yaya zan gwada shi kafin in zuba kuɗina? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Saurin gushewar nan kaɗai ba ta isa a ce turaren jabu ba ne. Haka ƙamshin lemu yake, ko da a kwalbar da ta fi kowacce tsada a duniya.

Idan kika matse ɓawon lemun zaƙi kusa da hancinki, ɗan feshin da yake fitowa shi ne man da ake yin turaren da shi. Matsar ɓawon ake yi a tace man, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na man lemun zaƙi wani sinadari ne guda ɗaya da ake kira limonen. Ƙwayoyinsa ƙanana ne marasa nauyi, da sun taɓa fata mai ɗumi sai su bi iska. Wannan tashin da suke yi shi ne sanyin da kika ji ya wartsake ki a shagon, shi ne kuma dalilin da ya sa ba ya zama. Al'ud da sandal da miski kuwa ƙwayoyinsu masu nauyi ne, suna tashi a hankali, shi ya sa suke kwana a riga. Zafi yana ƙara wa kowane turare saurin tashi: mai nauyi ya cika ɗaki har ya ɗaure kai, mai sauƙi kuma ya ƙare da wuri. A Turai, inda ake haɗa da yawa daga cikin turarukan nan, digiri 30 ake kira zafi, alhali Katsina da Sakkwato da Maiduguri kan haura 40 a watan Afrilu.

Akwai kuma sabawar hanci da ƙamshi. Hanci yakan daina kula da ƙamshin da ya daɗe yana shaƙa, don haka mai yiwuwa turaren yana nan ke ce kika daina ji. Nan gaba ki miƙa wa maigida hannun ya sansana kafin ki yanke hukunci.

To ga abin da nake so ki riƙe. Masu haɗa turare suna gina shi hawa uku: na sama da ake ji da fesawa, na tsakiya da yake fitowa bayan na saman ya lafa, da na ƙasa da yake saura a fata. Lemu kullum a sama yake. Saboda haka a turaren lemu, abin da za ki wuni da shi ba lemun ba ne, abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa ne, kuma a nan mai kyau yake rabuwa da na banza. Wasu ana ɗora su a kan farin miski, su bar ƙamshi irin na tufa da aka wanke. Wasu a kan katakon sida ko saiwar betiba, wata ciyawa 'yar'uwar jemar da muka sani, su bar ƙamshin ƙasa da itace mai ɗan ɗaci. Wasu kuma ana haɗa su da neroli, man furen lemu mai ɗaci, ko da man ganyen itacen, waɗanda suka fi man ɓawon jinkirin tashi, sai su ja ƙamshin lemun ya ɗan yi nisa. A ganina wanda aka ɗora a kan betiba ko neroli ya fi jure guminmu. Mai zaƙi da yawa, irin mai banila a ƙasa, yakan koma nauyi da rana ta take, ki dawo inda kika gudo.

Maganar na maza da mata kuwa, mai shagon bai yi ƙarya ba. Wannan nau'in ma tun asali bai san bambancin ba. A 1709 wani ɗan Italiya mai suna Giovanni Maria Farina ya fara sayar da ruwan ƙamshi na lemu da bagamot, wani nau'in lemu, a birnin Kolon na Jamus, kuma maza da mata duk sun yi amfani da shi; daga sunan garin ne aka samu Eau de Cologne. Turaren 4711 da har yau ake sayarwa daga garin ya fito. Raba turare gida biyu aikin 'yan talla ne na baya-bayan nan, har sai da CK One na kamfanin Calvin Klein ya fito a 1994 ya sake yaɗa kwalba ɗaya ga kowa. Mu ma a nan, in ban da humra da aka san ta da mata, ai miski da sandal da al'ud ba su da jinsi. Sai dai ki sani ƙamshin zai ɗan bambanta a jikinki da na maigida, domin maiƙon fata da gumi ba ɗaya ba ne. Ku gwada ku biyun.

Ki duba rubutun kwalbar. Eau de Cologne yawanci man ƙamshinsa kashi 2 zuwa 5 ne cikin 100, Eau de Toilette kashi 5 zuwa 15, Eau de Parfum kuma 15 zuwa 20. Sauran galibi sifirit ne da ɗan ruwa. Idan ba kya son mai sifirit, akwai na mai da ake gogawa, wanda ya fi kwanciya a jiki amma bai kai na fesawa wartsakewa ba.

Gwajin kansa haƙuri yake so. Ki je shagon ba ki shafa komai ba, kayanki ma ba waɗanda kika turara ba ne. Ki fara sansanawa a takarda don ki fitar da waɗanda ba su yi miki ba, sannan ki ɗora biyu kacal a fata, ɗaya a kowace tsintsiyar hannu. Kada ki goga hannuwan, ki bari ya bushe da kansa. Daga nan ki bar shagon. Sanyin na'urar sanyaya ɗaki yana yi wa turare kwalliyar da ba zai samu a titi ba. Ki sansana bayan minti 15, ki sake bayan awa ɗaya, ki kuma sake bayan awa uku ko huɗu lokacin da kika yi gumi. Idan abin da ya saura a lokacin ya yi miki, shi ne naki. In ana sayar da ɗan ƙarami na mili 5 ko 10, ki fara da shi ku yi mako kuna gwadawa.

Abu ɗaya da ba na so ki ɗauka da wasa shi ne rana. Bagamot, wani lemu da ake nomawa galibi a yankin Kalabriya na kudancin Italiya, wanda kuma shi ne ƙamshin shayin Earl Grey, yana cikin kusan duk turarukan wannan nau'in. Ɗanyen mansa yana da sinadarin bagaften, wanda idan ya haɗu da hasken rana a fata yakan ƙona ta ya bar baƙin tabo, sau da yawa a wuya, kuma a baƙar fata tabon kan yi watanni bai baje ba. Man ɓawon lemun tsami da aka matsa ma yana yin haka. Manyan kamfanoni suna cire sinadarin ko su bi ƙa'idar ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, wadda ta taƙaita ɗanyen man bagamot zuwa kashi 0.4 cikin 100 a abin da zai zauna a fata. Wanda aka haɗa a bayan shago aka ɗura a kwalbar da ba ta da rubutu ba ki da wannan tabbacin. Don haka ki fesa a inda tufa ta rufe, ki bar wuya da bayan hannu idan za ki shiga rana. Kuma don Allah kada ki matsa ɓawon lemu a jiki da sunan turare.

Don ya ɗan ƙara daɗewa, ki shafa basilin kaɗan ko wani mai marar ƙamshi a wurin kafin ki fesa, domin busasshiyar fata ba ta riƙe turare. Tufa ta fi fata riƙewa, sai ki fesa a mayafi, maigida kuma a 'yar ciki, amma a gwada a gefen farar shadda tukuna saboda tabo. Turara kaya da sandal mai sauƙi sannan a fesa na lemu a kai yana tafiya da kyau. Mafi sauƙi dai shi ne ki ɗura kaɗan a ƙaramar kwalba ki riƙe a jaka, ki sabunta bayan azahar.

Ajiya ma tana da nata. Iska da zafi da haske suna lalata man lemu fiye da sauran, ya koma wari kamar na fenti, har ya riƙa jawo ƙaiƙayi. Kada a bar kwalbar a mota ko bakin taga. Ki mayar da ita kwalinta ki sa a cikin durowa. Kada kuma ki saya a inda aka shanya kwalabe a rana. Game da jabu, ki duba ko lambar da ke ƙasan kwalba ta yi daidai da ta kwali, kuma idan farashin ya yi ƙasa da na sauran shaguna nesa ba kusa ba, ki tuna araha ba ta ado. Tunda ku biyu za ku riƙa fesawa, kwalbar mili 100 ba za ta daɗe har ta lalace ba. Da ke kaɗai ce, da sai in ce ki tsaya a mili 50.