Tambayoyinku: shagon atamfa a intanet, React ko Vue?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ina karatun informatik. Yayata tana saida atamfa da leshi da shadda a babbar kasuwa, kuma rabin cinikinta a status ɗin WhatsApp take yi, shi ne ta ce in haɗa mata shago a intanet. Na iya HTML da CSS da ɗan JavaScript. Abokaina wasu na cewa React wasu na cewa Vue, kaina ya ɗaure. Wanne zan ɗauka?
Wani ɗalibi, unguwar Ali Dan Sofo

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi ma albarka da ka tashi taimakon yayarka. Dukansu biyu kayan aikin JavaScript ne na gina shafin intanet, kuma za su yi maka aikin. React Facebook ne suka ƙirƙiro shi, sun sake shi ga jama'a a 2013, shi ya fi yawan mabiya kuma in gobe aiki za ka nema a Yamai ko waje sunansa za ka fi gani. Vue kuma Evan You ne ya fito da shi a 2014, kuma ga wanda ya saba da HTML kamar kai ya fi saurin shiga kai saboda rubutunsa bai yi nisa da abin da ka sani ba. Ni da zan zaɓa maka don wannan shagon, Vue zan ce. Amma in akwai wani kusa da kai da ya iya React sosai wanda za ka riƙa kai ma matsala da dare, to bi shi kawai, kar ka ɓata wata guda kana gardama.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne, wayar mai saye ce. Ka tuna wa zai buɗe shagon nan: wata baiwar Allah a Tibiri ko Madarunfa da ƴar Itel ko Tecno ɗinta, forfe ɗin kwana ɗaya ta saya, rezo na zuwa yana tafiya. In ka haɗa shafin da sai waya ta sauke JavaScript mai nauyi kafin ta nuna ko hoto ɗaya, farin allo za ta yi ta kallo, ta ga megarta na ƙonewa a banza, ta rufe ta koma status inda ta saba. Shi ya sa nake so ka duba Nuxt in Vue ka ɗauka, ko Next.js in React ne, su suna iya haɗa shafin tun daga saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet, su turo shi a gine, mutum ya fara ganin kaya da farashi tun kafin sauran ya gama saukowa.

Sai hotuna, nan ne yawancin yaranmu ke faɗuwa wallahi. Hoton atamfa da aka ɗauka da waya kai tsaye yakan kai mega uku ko huɗu, ka jera talatin a shafi guda ka ga ai ka cinye ma mutum forfensa. Ka rage faɗinsu, ka maida su WebP, wani nau'in hoto marar nauyi, ka sa loading="lazy" a kowane hoto don kar ya sauko sai an gangaro kusa da shi. Amma kar ka matse su har zanen ya dushe, mai sayen shadda so take ta ga ƙyallinta, don haka ƙaramin hoto a jeri, babba sai in ta danna.

Ginin kansa ba wuya. Ka yi katin kaya guda ɗaya, hoto da suna da farashi da maɓallin sawa a kwando, shi za ka yi ta maimaitawa ga kowane turmi. Farashi ka ajiye shi lamba zalla, 15000 misali, sai wurin nunawa ka ƙawata shi ya zama 15 000 F, tunda sefa ba ta da ƴan santim da za su wahalar da kai. Maganar biya kuma kar ka fara da kati, mutanenmu nawa ke da shi? Ka sa maɓallin da zai buɗe WhatsApp ɗin yayarka ta hanyar wa.me, adireshin da ke buɗe hira a WhatsApp, da 227 a gaban lambar, an riga an rubuta saƙon komande, su ƙarasa ciniki can a biya ta Airtel Money ko Nita ko a hannu in an kai kaya. Kafin ka nuna mata, buɗe kayan gwaji na Chrome ka rage gudun intanet zuwa 3G, ko mafi kyau ka ari tsohuwar wayar wani a gida ka gwada.

Tambaya: Malam wani yaro ya haɗa min shagon takalma a intanet, amma masu saye na kuka wai in rezo ya yanke suka sake buɗewa sai su tarar kwandonsu wayam. Mene ne magani?
Wani ɗan kasuwa, Sabon Gari

Amsa: Alhaji wannan ƙaramin gyara ne, kar ranka ya ɓaci da yaron. Kwandon a ƙwaƙwalwar shafin kaɗai yake zaune, ana sabunta shafi ya tafi. Ka ce masa ya riƙa ajiye shi a localStorage, wata ma'ajiya ta burauza a cikin wayar mai saye, duk sanda aka ƙara ko aka cire kaya, in an buɗe shafi ya karanto shi daga can. Sai dai ya ajiye lambar kaya da adadinsu kawai, farashi kuma saba ce za ta lissafa a ƙarshe, don duk abin da ke cikin wayar mai saye yana iya taɓa shi, takalmin jikka goma ya koma jikka ɗaya. Haka duk wani makullin sirri na biyan kuɗi, kar ya kuskura ya sa shi a ɓangaren da waya ke saukewa.