Amsa: haɗin ƙasar bonsai a wuri mai zafi da wuri mai yawan ruwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka dasa ɓaurenka na bonsai, wato bishiyar da ake reno ƙarama a cikin kasko, a haɗin ƙasar nan da aka fi sani, akadama (wani yumɓu mai ƙwayoyi daga Japan) da fumis (dutse mara nauyi mai ƙananan ƙofofi) da dutsen aman wuta kashi ɗaya-ɗaya, amma wurinku zafi ne da busasshiyar iska, in ka ba da ruwa da safe kafin azahar ganye ya yi yaushi. Kana tambaya ko ka koma ƙasar lambu.

Kada ka koma. Ƙasar lambu a cikin kasko takan cure ta zama laka, ta toshe iska, saiwa ta ruɓe alhali saman ƙasar yana nuna maka ya bushe. Haɗin da ka yi ma ba shi da laifi, ya fi dacewa ne da wanda ruwan sama ke yi masa rabin aiki, ko wanda ke zaune a gida yana iya ban ruwa sau biyu ko uku a wuni. Don haka kafin ka zaɓi haɗi, ka duba yanayin wurinku, ka kuma duba sau nawa za ka iya tsayawa a kan bishiyar nan kullum.

A shekarun da na yi ina wannan harka, abin da na ga ya fi sunan kayan haɗi muhimmanci shi ne girman ƙwayoyinsu. Ruwa yana maƙalewa ne a ƙananan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyi, iska kuma tana bin manyan. In ƙwayar ta kai milimita 5 zuwa 6, ruwa zai wuce nan take, kasko ya bushe da wuri. In milimita 2 zuwa 3 ce, danshi zai daɗe kuma iska ba ta rasa hanya. Ina zargin naka manya ne. Ka samu rariya iri biyu, ka ware manyan, ka tankaɗe ƙurar ka zubar. Ƙurar nan mutane ke rainawa, ita ce kuwa ke gangarawa gindin kasko ta liƙe ramin fitar ruwa.

Ga wuri irin naku zan ba akadama rabi, fumis da dutsen aman wuta su raba sauran, sannan in ƙara ɗan ɓawon itacen fain (bishiya mai ganye kamar allura) da ya ruɓe, kamar kashi ɗaya cikin biyar na dukan haɗin. Ɓaure yana son haka. Akadama yumɓu ne da ake haƙowa a yankin Kanto na Japan, yana shan ruwa ya riƙe taki, kuma launinsa yana duhu in ya jiƙe, ya yi haske in ya bushe, sai ka gane lokacin ban ruwa da ido. In bai samu ba, gasasshen bulo da aka farfasa aka tankaɗe yana riƙe ruwa daidai gwargwado, ko da yake bai kai shi riƙe taki ba. Amma ka yi hattara da fit, baƙar ƙasar nan ta fadama da ake sayarwa a buhu: in ta bushe ƙayau ba ta sake shan ruwa da sauƙi, za ka ga ruwan yana zurarewa ta gefen kasko, tsakiya kuwa ko ɗigo bai shiga ba.

Masu zama inda ake kwana ana wuni ana ruwa, ku juya lissafin: ku yawaita fumis da dutsen aman wuta, ku rage akadama, kada ku sa ɓawon itace, musamman ga bishiyoyin fain da junifa da ba sa son laima a saiwa. Inda kuma ake ƙanƙara, daskarewa da narkewa kan farfasa akadama ya koma gari, wani lokaci cikin shekara biyu. Azaliya, wani tsiro mai furanni, ita daban ce, wata ƙasar Japan da ake kira kanuma take so saboda tsaminta.

Wani abin da ake yawan yi da ban yarda da shi ba shi ne jibga tsakuwa a gindin kasko wai don ruwa ya fita. Ka jiƙa soson wanki ka kwantar da shi har ya daina ɗiga, sannan ka tsayar da shi a kan gefensa, za ka ga ruwa ya sake zubowa. Haka ƙasa take: mara zurfi ta fi riƙe ruwa a gindinta, tsakuwar kuwa rage zurfin take yi, ta ɗago jiƙaƙƙen ɓangaren kusa da saiwa. Raga a kan ramin ta wadatar.

Yanzu dai kada ka tumɓuke bishiyar ana tsakiyar zafi tana a galabaice. Ka matsar da ita inda za ta sha ranar safe ta samu inuwa da rana tsaka, ka kare ta daga iska, ka shimfiɗa gansakuka a saman ƙasar. Ka soka busasshen tsinke har gindin kasko ka bar shi a ciki, duk lokacin da ka zaro ka ga ya kusa bushewa ka zuba ruwa har ya fito ta ƙasa, ko da sau biyu ne a wuni. Taki kuma kaɗan-kaɗan a kai a kai, domin haɗin duwatsu ba shi da abinci na kansa. Idan ta fara fitar da sabon toho sai ka sake mata ƙasa.