Amsa: Me zan ba yara su yi a dogon hutu?

'Yar uwa kin ce tunda aka yi dogon hutu yaranki sun hana ki sakat, kullum faɗa kan waya, me za ki ba su su yi? Ki samo masu yumɓu, yanzu damina ce ba ya wuyar samu, ki shimfiɗa buhu a tsakar gida ki bar su su gina 'yan tukwane da shanu da raƙuma, tsinken tsintsiya a yi ƙaho da shi, in sun bushe a shafa farar ƙasa. Wayar kuma ta koma ta ɗaukar hoton abin da suka gina, kowa ya ɗauki nashi.

Sharaɗi ɗaya dai, kar a shanya a rana, tsagewa yake. Mu nan Ƙofar Sauri haka ta faru da autana, da yamma ya tarar raƙuminshi ya rabe biyu, ya yi kuka har da shessheƙa wallahi sai da ya ban tausayi, sai da yayarshi ta nuna mashi hoton raƙumin a waya sannan ya yi shiru. Tun daga nan ƙarƙashin rumfa muke jera su kwana biyu ko uku, in hadari ya taso a kwashe zuwa ɗaki.