Keke da babur a Holan: amsa ga ƙanena mai shirin tahowa karatu

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa ka samu gurbi a jami'ar Groningen. Allah Ya sa albarka. Ka ce Hajiya ta ji labarin cewa a nan kowa kan keke yake yawo a tsakanin motoci, hankalinta ya tashi, tana so a tabbatar mata ko direbobin Turai suna ganin mai ƙafa biyu da mutunci. Kai kuma ka ƙara da naka: shekara takwas kana murza mashin daga Kurna zuwa Sabon Gari, don haka kana tunanin sayen babur da zarar ka sauka, ka riƙa kai abinci gidaje kana samun na kashewa.

Bari in fara da na Hajiya. Gaskiya ne abin da ta ji, kekuna a ƙasar nan sun fi mutane yawa, kuma a Groningen fiye da rabin zirga-zirgar cikin gari a kan keke ake yin ta. Farfesa, alƙali, mai ciki, tsohuwa mai shekara 70, duk za ka gan su suna taka feda. Abin da ba a gaya mata ba shi ne, yawancin lokaci ba cikin motoci kake ba. Keke na da hanyarsa daban, an shafe ta da jan kwalta, sau da yawa da dakali ko ciyawa tsakaninta da ta motoci, har danjarsa daban take. Akwai ma titunan da aka kafa allo cewa na kekuna ne, mota baƙuwa ce a cikinsu, dole ta bi bayanka a hankali.

Makona na farko na sha kunya. Na iso wata mahaɗa, na hango mota, na taka birki na sauke ƙafa kamar yadda duk mai son ransa yake yi a gida. Ita ma motar ta tsaya cak. Ina kallon direba, yana kallona. Kafin in ankara masu keke sun taru a bayana, sai ƙarar ƙararrawa, wata mata ta kewaye ni tana faɗin abin da na gode Allah ban ji yarensu ba a lokacin. Ashe hanyar tawa ce. A kan kwalta akwai wasu fararen zane masu kusurwa uku a jere, mutanen nan suna kiran su haƙoran kifi. Wanda tsinin haƙoran ke nuna shi, shi zai tsaya ya ba da hanya. Inda babu zane babu allo kuwa, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, ko keke ne ko mota. Ka haddace waɗannan biyun tun kana gida. Hannun tuƙi bai zama matsala ba, dama suke bi kamar mu.

Kada ka ɗauka an haifi direban Holan da tausayi ne. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a hatsarin hanya a ƙasar nan, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito kan tituna da taken a daina kashe yara, suna tare hanyoyi. Sai ga ƙarancin man fetur na 1973, har gwamnati ta hana fitowa da mota a wasu ranakun Lahadi. Daga nan aka fara sake ginin hanyoyi. Garin da za ka zo ɗin ma shi ya fi zafafawa: a 1977 aka raba tsakiyarsa gida huɗu, mota ba ta iya tsallakawa daga wani sashe zuwa wani sai ta fita ta kewayo, keke kuwa ya ratsa kai tsaye. Shi ya sa har yau in kun tashi tare da mai mota, sau tari kai za ka riga shi isa.

Sannan akwai doka, wadda a ganina ita ce ta fi gyara halin direba. Sashe na 185 na dokar hanya ya ce idan abin hawa mai inji ya yi karo da mai keke ko mai tafiya a ƙasa, nauyin diyya a kan mai injin yake, sai dai in ya nuna cewa babu yadda zai yi ya kauce. Kotuna sun ƙara ɗaure abin: ko da kuskuren mai keke ne, akalla rabin asarar inshorar direba ce za ta biya, in kuma yaro ne ƙasa da shekara 14, duka za ta biya, sai fa in da gangan ya faɗa wa motar. Ka haɗa wannan da tsadar lasisi, wanda mutum kan kashe dubban yuro kafin ya samu, kuma a jarrabawa a kayar da shi don bai waiga ya duba mai keke ba kafin ya karya kwana. Ga shi kuma direban nan da ya tsaya maka, jiya shi ma a kan keke yake, 'yarsa tana kan keke yanzu haka tana dawowa daga makaranta. Ba ya yi maka kallon talakan da ya kasa sayen mota, abin da mu a gida muke yi wa mai keke ba tare da mun sani ba.

Wannan fa Holan nake ba ka labari, ba Turai duka ba. Abokanka da za su Birtaniya, yawancin hanyoyinsu tare da motoci za su bi, shi ya sa a 2022 aka sa a ƙa'idar hanyarsu cewa direba ya bar tazarar mita 1.5 idan zai wuce mai keke. Jamus ma ta sa irin wannan tun 2020.

To amma ba zan yi wa Hajiya ƙarya ba, ana mutuwa a kan keke a nan. A 2022 masu keke 291 suka rasu, sun ma fi waɗanda suka mutu a cikin mota yawa a shekarar. Akasarinsu tsofaffi ne, wasu ma faɗuwa suka yi su kaɗai ba wanda ya buge su. Ga saurayi irinka, abin da na fi jin tsoro shi ne babbar mota. Idan tirela ko bas ta tsaya a danja, kada ka kutsa ta gefen damanta ka tsaya jikinta. Akwai wurin da madubin direba ba ya kaiwa, in ya karya dama kana nan, zancen wa ke da hanya sai dai a yi shi a bayanka. Ka tsaya baya ka bar ta ta wuce, minti ɗaya ne.

Na biyu, hunturu. A Disamba kafin ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi, da safe kuma a cikin duhu za ka tafi aji. Fitila fara a gaba, ja a baya, wajibi ne, kuma 'yan sanda na tsayawa a lungu suna rubuta tara. Ni ma na biya sau ɗaya, batirin ne ya mutu, bayanin da na yi bai amfane ni da komai ba, kuma kada ka ko fara tunanin "a taimaka, yallaɓai". Ranar da sanyi ya daskarar da ruwa a kan kwalta, ba ka ganinsa, sai dai ka ji ka a ƙasa. A irin wannan rana ka hau bas. Riƙe waya a hannu kana tuƙa keke an hana shi tun Yulin 2019, tararsa ta haura yuro 100. Hular kwano ba dole ba ce ga mai keke, kuma kusan ba mai sawa, amma ni zan ce ka sa a watanninka na farko, ko da za a riƙa kallonka kamar ɗan yawon buɗe ido.

Gwanintarka ta Kano ita ce za ta fara cutar da kai. Mu a gida da ido da hon da ƙarfin hali ake ciniki a kan titi, wanda ya fara cusa kai shi ya ci. A nan kowa ya yarda cewa na gabansa zai yi abin da ƙa'ida ta ce, saboda haka ba ya rage gudu don jiran ko za ka yi shirme. In ka tsaya kwatsam a tsakiyar hanyar keke don duba taswira, ko ka karya ba ka miƙa hannu ba, mutum biyar za su zube a kanka. Wuri ɗaya ne na san za ka fi su iyawa: Groningen na da wasu mahaɗu da danja ke sakin kekuna daga kowane ɓangare a lokaci guda, kowa ya ratsa ta inda ya ga dama. Ranar da na fara gani, sai da na tuna shataletalen gida kafin a hana acaɓa a Kano a 2013.

Yanzu maganar babur. Shawarata a'a, kuma ga dalili. Waccan dokar da na yaba, mai keke take karewa. Da zarar ka hau abu mai inji, ko ƙaramin babur ne, ka koma sahun direbobi, in ka bugi mai keke kai ne mai biyan diyya, in kuma mota ta buge ka ba ka da waccan garkuwa. Direbobi suna kyautata wa masu manyan babura, a cunkoson babbar hanya har matsawa suke yi su ba su wuri, amma jiki dai jiki ne. Ƙananan babura iri biyu ne, mai shuɗiyar lamba da ba ya wuce kilomita 25 a awa, da mai ruwan ɗorawa mai kilomita 45. Dukansu sai da lasisi da inshora, kuma tun 1 ga Janairun 2023 mai shuɗiyar ma sai da hular kwano. Lasisinka na Najeriya kwana 185 kawai zai yi maka aiki bayan ka yi rajistar zama, kuma ɗalibi ba ya iya musanya shi, sai ka zauna jarrabawa daga tushe.

Aikin kai abincin ma yawanci a kan keke mai batir ake yin sa, wanda ba ya buƙatar lasisi matuƙar injinsa na yankewa a kilomita 25. Ka dai sani ɗalibin da ya zo daga wajen Tarayyar Turai awa 16 a mako aka yarje masa, ko cikakken aiki a Yuni, Yuli da Agusta, kuma mai ɗaukarka aiki ne zai nemo maka izini. Za ka haɗu da masu ce maka ka yi aiki da sunan wani a raba kuɗi. Kada ka yarda, ranar da ka karye a cikin ruwan sama da jakar abinci a baya, ba mai saninka. Kuma takardar zamanka tana rataye ne da cin akalla rabin darussan shekara, ba da yawan gidajen da ka kai wa shinkafa ba.

Idan ka iso, mu je shago ka sayi tsohon keke mai rasit, mai munin da ɓarawo ba zai waiwaye shi ba. Wanda wani zai tare ka da shi a bakin titi a kan yuro 20 na sata ne, kuma sayensa laifi ne. Kwaɗo biyu za ka saya, ɗaya na taya, ɗaya sarƙa da za ka ɗaure shi jikin ƙarfe. Rigar ruwa da safar hannu ka bari sai ka zo, na nan sun fi dacewa da sanyin nan. Ka taho mini da yajin ƙuli da kilishin da ka ce, a'a, kilishin bar shi, ba a shigowa da nama, a filin jirgi za su ƙwace. Ka gaida Hajiya, ka ce zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.