Amsa ga Hajiya kan tura 'yarta aikin koyo a ƙaramin asibiti

Wa alaikumus salam Hajiya, ina kwana, ya yara. Na ga tambayarki cewa 'yarmu da ke karatun likita a jami'ar KNUST ta Kumasi an ce za ta bar babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda ake ce wa Gee, na wasu makonni a kai ta ƙaramin asibitin gunduma, har da shiga gidajen mutane, kina tsoron ɓata lokaci ne tunda manyan likitoci da na'urori duk suna Gee. Hajiya ki kwantar da hankalinki, ni ma na bi ta wannan hanyar, yanzu kuma ni ake turo wa irin waɗannan yaran a inda nake aiki a nan Kumasi.

Gaskiya Gee makaranta ce babba, ba mai musu, amma mara lafiyar da ya kai can yawanci ya riga ya bi ta hannu biyu ko uku, ya zo da takardar turawa an rubuta abin da ake zato, ɗalibi ya karanta kawai ya duba. A ƙaramin asibiti kuwa mutum zai shigo ya zauna ya ce miki "dokta jikina ne duk ba daɗi", shi ke nan fa, daga nan ke za ki tono ko maleriya ce ko hawan jini ko ciwon suga ko kuma damuwa ce ta hana shi barci, kuma a benci ɗaya za ki ga jariri mai gudawa da mai ciki da ta zo awo da tsoho mai ciwon gwiwa. Wannan shi ne aikin likitan iyali, kuma fanni ne mai zaman kansa da ake ƙwarewa a kai a Ghana College of Physicians and Surgeons bayan an gama shekara shida na makaranta da shekara biyu na hausmanshif, wato aikin horo na sabon likita a asibiti. Kuma ba sabon abu ba ne, tun wajen 1970 makarantar likitoci ta Korle Bu a Accra ke kai ɗalibanta ƙauyen Danfa.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Akwai wata tsohuwa a zango da ke zuwa duk wata jininta a sama, ana ƙara mata magani ana canzawa, kowa na cewa maganin ne bai karɓe ta ba. Ranar da muka bi nas ɗin unguwa zuwa gidanta, sai ta jawo wani gwangwanin Milo daga ƙarƙashin gado, wallahi cike da ƙwayoyi na wata da watanni, wasu ko ɓarewa ba a yi ba. Na tambaye ta da Hausa, Iya me ya sa, ta ce ai sai kanta ya yi ciwo take sha, ranar da ta tashi garau me za ta sha wa magani, da azumi kuma ta ajiye gaba ɗaya don ba wanda ya ce mata ana iya sha bayan shan ruwa ko da sahur. Da Tonanci, wato yaren Asante, da Turanci aka yi ta yi mata bayani tana cewa to, to, don kunya. Muka zauna a tabarma muka ware magungunan, muka ɗora wa jikarta 'yar sakandare alhakin tuna mata kullum bayan sallar asuba, zuwan ta na gaba jini ya sauka ba tare da an ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Na yi kwana da kwanaki ina tunanin gwangwanin nan.

To kin ga 'yarmu tana da abin da yawancin 'yan ajinsu ba su da shi, Hausa a bakinta, ta san abin da mutanenmu ke nufi in sun ce shawara ko basir ko sanyi, ta san sai an je kemis an sha rubutu an gwada na gargajiya kafin a zo asibiti, kuma matanmu na sakin jiki da likita mace su faɗi abin da ba za su taɓa faɗa wa namiji ba. Za ta ga yadda nas-nas na CHPS, wato shirin kiwon lafiya na cikin unguwanni da ƙauyuka, ke bin gida-gida da rigakafi da awon yara, ta ga wanda katin inshorar lafiya na NHIS ɗinsa ya mutu bai sabunta ba ya koma gida ba magani.

Amma ba zan ɓoye miki ba, ba ko'ina ake yin abin yadda ya kamata ba. Wani wuri da aka taɓa kai mu likita ɗaya ne tal, yana tiyata yana ganin marasa lafiya, mu kuma aka bar mu mako guda ba mai duba abin da muke rubutawa, abin ya ba ni tsoro ƙwarai don ɗalibi bai kamata ya yanke hukunci shi kaɗai a kan ran mutum ba. Saboda haka ki ce mata tun ranar farko ta san wane likita ne ke kula da su, duk wanda ta gani ta kai masa bayani kafin a ba da magani, in ba mai kula da su ta sanar da makaranta, kar ta yi shiru.

Ki tabbatar ta kammala allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ta tafi saboda sukar allura na faruwa, ki haɗa mata gidan sauro da tocila, ki kuma tambayi inda za su kwana da ko mata na da ɗakinsu daban. In an faɗi garin da za a kai su ki sanar da ni Hajiya, wataƙila ina da wanda na sani a can da zai sa mata ido.