Shin an cuci Plushenko a gasar Olamfik ta 2010?

Malam, ka tambaya ko kwace wa Evgeni Plushenko zinare aka yi a Bankuba ta ƙasar Kanada. A ganina ba cuta. Gwanin zamiya kan ƙanƙara ne na Rasha, yana da zinaren Turin na 2006 a hannu, kuma ya yi tsallen nan mai juyi huɗu a sama, wanda Evan Lysacek na Amurka bai ko gwada ba. Sai dai Plushenko ya jibge yawancin tsallensa a farko, wasu saukarsa kuma da tangaɗi. Lysacek ya ajiye da dama zuwa rabin ƙarshe, inda doka ke ƙara maki don gajiya. Shi ya sa Lysacek ya ci zinaren, da tazarar maki 1.31 kacal. A 2014 Plushenko ya ɗauki zinaren ƙungiya a Olamfik ta Soci a Rasha, ciwon baya ya hana shi gasar ɗaiɗaiku.