Tambaya da Amsa: Rayuwar Iyali da Ƙuruciya a Potosi, Garin Azurfa na Kan Dutse

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce. Na ga hoton wani gari a ƙasar Bolibiya mai suna Potosi, an ce yana cikin biranen da suka fi kowanne tudu a duniya, kuma ɗaruruwan shekaru ke nan ana haƙar ma'adinai a dutsen da ke bayansa. Ina so a bayyana mini yadda ake rainon yara a irin wannan wuri, da abin da suke ci, da yadda karatunsu yake.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, mun gode da wannan tambaya. Potosi yana kan tsaunukan Andis, a tudun da ya kai kimanin mita 4,000 sama da teku, dutsen da kika gani kuwa sunansa Cerro Rico, kuma ƙololuwarsa ta kusa mita 4,800. A shekarar 1545 aka gano azurfa a cikinsa, a zamanin mulkin Sifaniya, kuma kafin a yi nisa cikin ƙarni na 17 jama'ar garin sun kai wajen 160,000, abin da ya sa ya shiga sahun manyan biranen duniya na wancan lokaci.

Abu na farko da ke tsara rayuwar gida a can shi ne tudun kansa. Iskar da ake shaƙa ba ta da kauri, domin nauyinta kimanin kashi 60 cikin 100 ne na wadda ke bakin teku, saboda haka baƙo yakan yi haki da ciwon kai kafin jikinsa ya saba. Tarihin garin ya nuna cewa a farkon zamani matan Sifaniyawa sukan sauka zuwa kwaruruka masu ɗumi idan haihuwa ta matso, domin jariransu ba sa jure sanyi da ƙarancin iska. Har yau jariran da ake haifa a irin wannan tudu sukan zo da ƙarancin nauyi, sai dai abin ya fi sauƙi ga 'yan asalin yankin, Kecuwa da Aimara, waɗanda kakanninsu suka daɗe a kan tsauni. Uwa takan naɗe jariri tsaf da zanen ulu, sannan ta goya shi da wani mayafi mai ratsi-ratsi da suke kira aguayo, kamar dai goyon da muka sani, illa su a ƙirji suke ɗaurewa ta kan kafaɗa. Kumatun yaran kan yi ja su tsattsage, saboda rana mai zafin gaske da tsakar yini da busasshiyar iska mai sanyi da dare.

Tudun ya shiga har cikin tukunya. Ruwa yana tafasa a wajen digiri 87 maimakon 100, don haka wake da nama sukan daɗe ba su nuna ba, kuma matan gida da yawa sun dogara da tukunyar nan mai kulle tururi. Ginshiƙin abincinsu dankalin Turawa ne da masara da naman lama (wata dabba dangin raƙumi) ko na tumaki. Suna da dabarar adana dankali da ake kira chuño: a baza shi a fili cikin darare masu ƙanƙara, rana ta narkar da shi, a tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, a shanya har ya bushe ƙarau, ya yi shekaru bai lalace ba. Da sassafe akan sha api, wani kunun jar masara mai zafi, kuma garin ya yi suna da miyar masara da ake kira kalapurka, wadda ake jefa wa dutse mai zafi a cikin kwano, ta iso gaban mai ci tana tafasa.

Game da karatu, shekarar makaranta tana farawa a watan Fabrairu ta ƙare a ƙarshen shekara, hutun sanyi kuma yakan faɗo a tsakiyarta, domin a kudancin duniya Yuni da Yuli ne tsakiyar hunturu. Idan sanyi ya tsananta akan jinkirta lokacin shiga aji. Yaro yakan tashi da Kecuwa a bakin kakarsa da Sifaniyanci a bakin malaminsa. A shekarar 2006 gwamnati ta fara ba ɗaliban makarantun gwamnati boliviano 200 (kuɗin ƙasar) a shekara domin kada su bar aji, kuma garin yana da jami'arsa, Tomas Frias, wadda aka kafa a 1892.

TAMBAYA: Ni magidanci ne mai 'ya'ya. Na ji an ce har yara ƙanana suna shiga ramin haƙar ma'adinai a wannan gari. Shin gaskiya ne, kuma ina iyayensu, ina hukuma?

AMSA: Malam, gaskiya ne, amma kafin a ɗora wa iyaye laifi ya kamata a ga yadda lamarin ke faruwa. A 1952 gwamnati ta karɓe manyan mahaƙai ta miƙa su ga kamfaninta, COMIBOL, wanda ke ba ma'aikata albashi da asibiti da makaranta. Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, aka sallami ma'aikata fiye da 20,000 a faɗin ƙasar, kuma tun daga nan ƙungiyoyin gama kai ne suka fi yin aiki a Cerro Rico, suna haƙo tutiya da dalma da kuza da ragowar azurfa. Mamban ƙungiya yana da kason raminsa, amma leburan da yake ɗauka ladan yini yake samu, kuma sau da yawa ba shi da inshora ko fansho.

A ganinmu, makomar yaro a waɗannan unguwanni tana rataye ne da huhun mahaifinsa. Ƙurar dutse da mahaƙi ke shaƙa shekara da shekaru tana taruwa a huhu ta taurara shi, cutar da su suke kira mal de mina, kuma ba ta da magani. Mutum yana tsakiyar ƙarfinsa sai tari ya kama shi, tafiya kaɗan ta gagare shi. Ranar da uba ya kwanta ko ya rasu, babban ɗa ne ke ɗaukar hular kwano da fitilar goshi. Yakan fara da tura amalanken duwatsu ko yi wa manya aike, ya cusa ganyen koka a kunci kamar yadda ya ga suna yi domin danne yunwa da gajiya, wasu kuma su riƙa zuwa makarantar dare bayan sun fito, idan barci ya bar su.

Matan ma suna jikin dutsen, ko da yake tsohuwar al'ada ta ɗauki shigar mace rami a matsayin abin da ke kore arziki. Akwai waɗanda ake kira palliri, galibi zawarawan mahaƙa, da ke zama kan tarin tarkace da guduma suna fasa dutse suna tsince mai ma'adini. Akwai kuma masu gadin bakin rami, waɗanda ke kwana da 'ya'yansu a ɗan ɗaki kusa da ƙofar, suna tsaron kayan aiki daga ɓarayi. Yaran irin wannan gida a cikin ƙura suke wasa, kusa da layin amalanke, wasunsu kuma suna tallar duwatsu masu ƙyalli ga 'yan yawon buɗe ido. A kasuwar mahaƙa ta unguwar Calvario ana sayar da nakiyar fasa dutse a fili, tare da ganyen koka da taba da barasa, waɗanda ake kai wa El Tio, gunkin da mahaƙa suka yi imani shi ne mai mallakar ƙarƙashin ƙasa.

Doka ta haramta wa wanda bai kai shekara 18 ba aikin rami, domin yana cikin ayyuka masu haɗari. A 2014 Bolibiya ta yi dokar da ta ba da damar wasu ayyuka tun daga shekara 10, bayan da ƙungiyar yara ma'aikata da kanta ta matsa, tana cewa hani ba ya ciyar da kowa. Kotun tsarin mulki ta soke wannan sashe, aka koma shekara 14 a 2018. Matsalar ita ce ramukan suna da yawa, masu sa ido ba su da yawa, kuma uwar da ba ta da abin ɗora tukunya ba za ta kai ƙarar wanda ya ɗauki ɗanta aiki ba.

TAMBAYA: Idan azurfar ta kai haka yawa, me ya hana mutanen garin yin arziki?

AMSA: Tun asali ba a tsara ta zauna a can ba. A 1573 wakilin sarkin Sifaniya, Francisco de Toledo, ya kafa aikin tilas da ake kira mita, inda ake kwaso ɗaya cikin bakwai na mazan larduna 16 kowace shekara, su taho da mata da 'ya'ya, su haƙo dutse a tace shi da zaiba mai guba. Azurfar kuwa a buga ta tsabar kuɗi ta wuce Sifaniya, daga nan ta bazu har Sin. Garin ya gaji coci-coci da katafaren gidan buga kuɗi da aka kammala a 1773, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. A 2014 ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, domin ƙololuwar dutsen ta fara ruftawa saboda yawan ramuka, amma rufe ramukan ya gagara, tunda dubban gidaje da su suke ci.